Tukunyar da Alwyn Ya Ƙi Sa wa Hannu

A layinmu, gida na ƙarshe kafin lungun da motar kwashe shara take juyawa, nan Alwyn Garside yake zaune, shi da tsawonsa. Dogo ne irin wanda in ya shiga kanti tsofaffin mata kan tare shi ya miƙo musu abin da ke saman kanta, shi kuma ya miƙo ba tare da ya dubi fuskar kowa ba. Bana shekararsa saba'in da shida. Matarsa Muriel ta daɗe da rasuwa, ba su kuma haihu ba, tun daga lokacin abincinsa na rana bai sake ba: waken gwangwani a kan gasasshen burodi yanka biyu, da shayi baƙi ƙirin. Ranar Juma'a kaɗai yake fita sayen kifi da soyayyen dankali, ya dawo da ƙunshin a hammata yana sauri kamar wanda ya sato.

Shekara arba'in ya yi yana kula da tukunyar tururi a masaƙar ulun da ke gindin tudu, har ranar da aka rufe ta aka mai da ita gidajen haya. Amma ba a can ya yi suna ba. A ƙungiya ya yi suna, wato ƙungiyar dattijan nan da ke taruwa duk Lahadi a filin bayan tsohuwar masaƙar, kowa da ɗan injin tururin da ya ƙera da hannunsa, suna hura wuta suna baƙanta fuska kamar ba su da jikoki. A can Alwyn ne mai gwada tukunya. Duk wanda ya ƙera inji, ko da ya ɓata shekara goma a kansa, ba shi da ikon ƙyasta masa ashana a gaban jama'a sai Alwyn ya sa hannu a takarda. Tukunyar tururi ba abin wasa ba ce, in ta tashi fashewa ba ta tambayar wa ke tsaye kusa.

Gwajin ba shi da wuya. A cika tukunya da ruwan sanyi fal, a toshe duk wata kafa, a ɗaura famfon hannu a yi ta bugawa har allurar agogon matsi ta hau inda ake so. Sai a saki famfo, a harɗe hannuwa, a zuba wa allura ido minti goma. In ta tsaya cak, tukunya ta ci. In ta fara zamewa ƙasa, akwai inda ruwa ke ɓulla. Alwyn da kansa ya ƙera famfon da yake gwaji da shi, ya yi masa akwatin katako mai hannu kamar na likita. Maganarsa ɗaya ce tal, ya kuwa faɗe ta sau dubu: "Ni a minti goman nan ba ni da aboki. Allura ba ta ƙarya." Shi ya sa ake ce masa Allura. Ga tsawo, ga siranta, ga tsini a baki, sunan ya zauna masa daram.

Abokin ma dama ɗaya ne. Hedley Sugden, gajere mai tumbi, mai gyaran kekuna a bakin kasuwa, wanda bakinsa ba ya rufuwa sai in da biskit a ciki. Tun suna 'yan firamare suke tare. In ka hango su suna gangarowa ran Lahadi sai ka ce sanda da ƙwallo. Hedley ke zuba, Alwyn ke cewa "uhm", haka suka yi shekara hamsin ba wanda ya gaji da wani.

Shekara goma sha biyu Hedley ya yi yana ƙera motar tururi a garejinsa. Irin motocin dakon nan na zamanin kakanninmu, da ake hura wa kwal kafin dizal ya kore su, ita ya kwaikwaya, sai dai ƙarama: tsawonta ya ɗan fi na doguwar kujerar falo, nauyinta ya fi na saniya, ga bututun hayaƙi a gaba, ga sarƙa mai juya ƙafafun baya. Ranar da ya kawo ta gwaji, cikin watan Afrilu, kusan duk ƙungiya ta fito. Har kek ya sayo.

Alwyn ya buga famfo, allura ta hau ɗari uku, ya saki. Minti biyu tana nan. A na uku sai ta ɗan sunkuyar da kai. A na biyar kowa ya ga ta sauka.

Aka sake, ta sake sauka. Alwyn ya kwanta a ƙasa da tocila, ya leƙa ramin wuta, ya shafa nan ya shafa can, har ya ga wani ɗan danshi a gindin wata ƙusa. Ya zaro alli rawaya ya zagaye wurin.

"Wannan zufar ƙarfe ce, dogo," in ji Hedley. "Ruwan sanyi ka zuba, rana kuma ta fito. Kai ma ga goshinka nan ya jiƙe, ba wanda ya ce kana yoyo."

Aka yi dariya. Alwyn bai yi ba.

"Allura ta sauka."

"To duba famfonka mana. Wannan tsohon abin ai ya girmi 'yata. Kwance shi daga tukunyar, ka toshe bakin tiyo, ka buga mu gani. Minti biyu ne."

Da a gareji ya faɗa masa, su biyu kaɗai, ƙila da Alwyn ya duba. Amma a gaban mutum ashirin ne, kowa da kofin shayi a hannu, kuma an riga an yi masa dariya sau ɗaya. Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwarsa, ya ce, "Shekara ashirin da shida ina gwaji da famfon nan, ba wanda ya taɓa zarginsa sai mai gyaran keke. Abin da ka ƙera buta ce, Hedley. Kai ta gida ka dafa shayi."

Hedley ya ajiye kofinsa. Ya ɗaure motarsa a tirela, ya ja ya tafi, ya bar kek a kan tebur. An daɗe ana kallon kek ɗin da kunya. An dai cinye.

Shekara goma sha huɗu suka yi, gari ɗaya, layi huɗu tsakaninsu, ko gaisuwa babu. Hedley ya bar ƙungiya, ya karɓi ɗan fili a lambunan bayan tasha, ya koma noman tumatir da albasa, ya samu sababbin kunnuwan da zai cika. Da Muriel ta rasu ya zo coci, ya tsaya can baya, ya fita kafin a tashi. Da Hedley shi ma ya rasu, Alwyn ma ya je ya tsaya can baya, ya fita kafin a tashi. Iyakar zumuncin da ya rage musu ke nan.

Alwyn kuwa bai sake gwada tukunyar kowa ba. A watan da ya biyo bayan rigimar ya ce idonsa ya yi rauni, ya ajiye aikin, ya rufe famfon a akwatinsa ya tura ƙarƙashin teburin aiki. Mutumin da ke karanta lambar bas daga ƙarshen layi. Abin da ke cinsa ɗaya ne, mu 'yan layin duk mun sani ko da bai taɓa furtawa ba: tukunyar ce ta yi yoyo, ko famfonsa? Amsar tana nan a ƙarƙashin tebur, minti biyu za ta ɗauka. Kullum sai ƙafarsa ta taɓa akwatin in yana aiki, bai taɓa sunkuyawa ba.

Wata biyu bayan jana'izar, 'yar takardar labaran ƙungiya ta fito da sanarwa: motar tururi ta sayarwa, ba a taɓa hura mata wuta ba, tukunya ba ta da takarda. Duk mai hankali a harkar ya karanta ya juya shafi. Alwyn ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya taka layi huɗun nan.

Pauline, 'yar Hedley, ta zo daga Leeds tana kwashe kayan gidan. Ta buɗe ƙofa da labule a kafaɗa.

"Kawu Alwyn? Ai na ɗauka ka mutu."

"Ban samu lokaci ba. Ina motar?"

Tana can ƙarshen gareji a lulluɓe da tamfol, tukwanen shuka jibge a kanta. Tayoyin sun tsattsage, fenti ya ɓare, ɓeraye sun yi gida a akwatin kwal. Alwyn bai kalli ko ɗaya ba. Ya durƙusa, ƙasusuwansa na ƙara, ya haska ramin wuta. Da'irar allinsa tana nan, rawaya, kamar jiya ya zana. Matosan da ya ɗaure da hannunsa ranar gwaji suna nan. Hedley bai taɓa komai ba, sai dai ya tsiyaye ruwan tas, ya bar ƙofar wuta a buɗe don iska ta riƙa shiga, kuma ko'ina a jikin injin akwai mai, wani ma bai gama bushewa ba. Mutumin da ya fid da rai da abu ba ya shafa masa mai shekara goma sha huɗu.

"Ka san dai ba ta aiki ko?" in ji Pauline daga bakin ƙofa. "Baba ya ce wani masani ya duba ta ya ce buta ce."

"Bai faɗi sunan masanin ba?"

"Ya faɗa." Ta ci gaba da ninke labulenta.

Bai yi ciniki ba, shi da kan yi cinikin kabeji. Ranar Asabar aka kawo ta a tirela, mutum huɗu suka tura ta cikin rumfar aikinsa ta bayan gida, ya ba su shayi ba biskit, suka watse.

Yanzu fa, duk wanda ya taɓa sayen tsohon injin tururi ya san doka ta farko, kuma Alwyn ne ya koya wa rabin garin nan ita: tukunya ake fara gwadawa. In ta lalace, duk sauran ado ne a kan gawa. Ba ka taɓa sifana, ba ka sayen fenti, sai ka san halin da tukunya take ciki. Shi kuwa malam mai doka sai ya fara da ƙafafun baya.

Maƙwabciyarsa Brenda Clegg, wadda igiyar shanyarta ke daidai tagar rumfar, ta leƙo ta saman shinge da abin maƙale shanya a baki.

"Allura, wannan ce amaryar? Ta ɗan kwana biyu."

"Tsatsa ce kawai."

"Ni ma haka nake gaya wa madubi. Yaushe za ta tashi?"

"In ta shirya."

"Ka dai bari in kwashe zanen gadona tukuna. Na san hayaƙinku."

Ya kwance ƙafafun, ya aika aka sa musu sabuwar roba. Ya jiƙa sarƙa a kananzir mako biyu, ya bi ta ƙwaya-ƙwaya da tsohon buroshin haƙori. Ya fasa injin gunduwa-gunduwa ya jera a kan jarida, kowane noti da gwangwaninsa. Hunturu ya shigo, ya kunna 'yar hita, ya ci gaba da safar hannu mai yankakkun yatsu. Ƙarfe takwas na safe zai shiga, sha biyu ya fito ya ci wakensa, ɗaya ya koma, biyar ya kulle. Mai kawo wasiƙa ne kaɗai ke buga ƙofar gidan, shi ma ba kullum ba.

Abin da ya fi damunsa shi ne aikin ya yi kyau. Da niyyar kama kuskure ya shiga, don in mutum ya yi sakaci a inji to zai yi a tukunya. Sai ya zama duk abin da ya kwance sai ya same shi sumul. Wuraren da ba wanda zai taɓa gani, can ƙarƙashin inji, Hedley ya goge su kamar cokalin baƙi. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kai da komo da Alwyn ya auna sau uku yana neman ko da kaurin gashi na kuskure. Bai samu ba. Ya ajiye ma'aunin ya fita ya tsaya a lambu cikin yayyafi.

A wannan hunturun ne Brenda ta fara jin wani abu in tana shanya. Ta ɗauka rediyo ya saya. Ta kasa kunne, ba kiɗa, ba labarai, sai ƙarar zarto, sannan shiru, sannan muryar Alwyn: "Uhm." A jima kuma: "Uhm." Wani lokaci har da "A'a, ba haka aka yi ba," sannan shiru mai tsawo, kamar ana ba shi amsa. Brenda ba ta da sirri, ko na kanta ba ta iya riƙewa, amma wannan sai da ta yi wata guda kafin ta faɗa mana.

Shekara ta zagayo. Ya yi wa motar fenti ja mai duhu irin wanda ya tarar a ƙarƙashin datti, shafa bakwai, yana gogewa tsakanin kowace. Ya ja mata siraran layuka masu ruwan zinariya da idon da ya ce ya yi rauni. Ya sake katakon bayan, ya ɗinka wa bencin sabuwar fata. Tukunya kuwa tana tsakiyar duk wannan kwalliya tsirara, baƙa, da matosanta da allinta.

Trevor Illingworth, wanda ya gaji aikin gwaji a ƙungiya, tsohon makanikin bas ne mai sanyin hali. Ya zo wata rana ganin abin da ake ta faɗa, ya zagaya motar sau biyu hannu a aljihu.

"Baba Garside, aiki ya yi. Amma ka yi mata lalle ba ka san ko tana numfashi ba? Kai fa ka koya mana."

"Ana zuwa wurin."

"Shekara biyu ke nan ana zuwa. In kawo famfon ƙungiya ran Laraba? Minti goma ne."

"Na san minti nawa ne, yaro. Tun kana tsotsar yatsa nake ƙirga su."

Trevor, mai jika uku, ya ce to, ya sha shayinsa ya tafi.

Amma aiki ya ƙare. Alwyn ya goge usur ɗin tagulla har sau uku, ya sake jera gwangwanayen noti bisa girma, ya share rumfa, ya wanke tagar da ba a taɓa wankewa ba. Babu sauran abin fakewa. Wata Litinin da safe cikin Oktoba ya sunkuya ya jawo akwatin.

Ya cika tukunya, ya ɗaura tiyo, ya tsoma bakin famfo a bokiti, ya buga. Ɗari, ɗari biyu, ɗari uku. Ya saki, ya harɗe hannuwa. Minti ɗaya. Biyu. A na uku allura ta sunkuyar da kai, daidai yadda ta yi shekara goma sha shida da suka wuce.

Duk layin mun ga abin mamaki ranar. Alwyn Garside ya fito da tsakar rana yana feɗuwa, ya nufi shagon kifi.

"Yau Juma'a ce a gidanku?" in ji Brenda.

"Buta ce," ya ce mata, bai ko tsaya ba. "Dama na faɗa."

Ya dawo da ƙunshinsa ya zauna a rumfa a kan akwatin famfo, ya buɗe takarda a cinyarsa. Ya dubi motar ya ce, "Ka gani ko, gajere?" Ya jira. Ya ci dankali uku. Sai kifin ya ƙi shiga.

Domin komai taurin kan mutum, shekara arba'in a ɗakin tukunya ba ta barinsa ya yi wa kansa ƙarya har ƙarshe. Allura ta sauka, to ruwan ina ya tafi? Ya ajiye kifin, ya sake bugawa zuwa ɗari uku, ya kwanta da tocila. Cikin da'irar alli a bushe ƙayau, don yau babu rana balle ƙarfe ya yi zufa. Ya bi kowace ƙusa, kowane ɗinki, kowane bakin bututu da busasshen yatsa. Ko ɗigo. Yana kwance a kan siminti, kuncinsa a ƙasa, sai idonsa ya faɗa kan bokitin da famfo ke jan ruwa. Ruwan cikin yana ɗan motsi. Wata 'yar da'ira ta taso daga bakin famfon ta bazu, ta lafa. Wata ta sake tasowa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tashi, ya kwance tiyo daga tukunya, ya toshe bakinsa, ya buga famfon shi kaɗai, babu tukunya babu komai. Allura ta hau ɗari uku. Ta tsaya ta numfasa, ta gangaro abinta.

Minti biyu ne. Hedley bai yi ƙarin ko sakan ba.

Ya buɗe bawul ɗin famfon. Wani ɗan ƙwallon ƙarfe ne kamar ƙwayar barkono, shi ke hana ruwa komawa baya, a mazauninsa kuwa akwai wani ɗan tsagi da sai ka karkata shi wajen haske za ka gani. Ya ɗauko sabon ƙwallo daga gwangwani, ya ɗora, ya buga masa guduma sau ɗaya don ya zauna, ya mayar ya ɗaure. Gyaran bai kai lokacin da shayi ke ɗauka ya huce ba. An bar jaki, an yi shekara goma sha shida ana dukan taiki.

Ranar Laraba Trevor ya zo da famfon ƙungiya da wani dattijo mai ji da kunne ɗaya da zai tsaya shaida, don ba wanda ke gwada tukunyar kansa, ko da shi ya rubuta dokar. Aka buga zuwa ɗari uku. Allura ta kafe kamar an zana ta a jikin gilashi. Da minti goma ya cika Trevor ya zaro biro.

"Ƙara goma," in ji Alwyn.

Aka ƙara. Ba ta motsa ba.

"Tukunya kam an ƙera ta," in ji Trevor yana rubutu. "Wanda ya yi ta ya san hannunsa."

"Hedley Sugden ne ya yi ta. Ni na kayar da ita a gaban jama'a na ce buta ce. Famfona ne ke yoyo. Ya gaya mini in duba, na ƙi." Ya faɗa tsaye ƙyam, hannuwa a gefe, kamar ɗan makaranta a gaban hedimasta.

Dattijon shaida ya juyo da kunnensa mai ji. "Wane Hedley?"

Trevor ya ce, "To ai ya wuce, Baba. Sa hannu a nan, wurin mai mota."

Da yamma ya buga wa Pauline waya. Tana cikin kanti, ana jin ƙarar kekunan sayayya. Ya maimaita mata kalma da kalma. Ta ce, "To, Kawu. Na ji. Ban san me zan ce maka ba."

"Ran Lahadi zan hura mata wuta. In kina so ki gani."

"Zan duba. Yara suna da ƙwallo."

Ran Lahadi ya turo motar bakin lungu tun da hantsi. Ya kunna 'yan itatuwa jiƙe da kananzir, ya bi su da kwal kaɗan-kaɗan, ya zauna yana sauraron ƙarfe na ɗaukar zafi yana 'yan ƙananan ƙara. Awa ɗaya da rabi kafin tururi ya taru. Duk motar da ta shigo layin sai ya ɗaga kai. Brenda ta kwashe shanyarta tana mita, ta dawo ta jingina da shinge.

"To tana tafiya, ko tafasa kawai ta iya?"

Ya hau ya zauna a gefen dama wurin sitiyari, gwiwoyinsa kusan a haɓarsa, don Hedley ya sa wa kansa wani tudun katako na ɗora gajerun ƙafafu. Ya buɗe tururi a hankali. Motar ta yi tari biyu, sarƙa ta miƙe, ta ɗaga ta tafi, tana wani numfashi mai laushi, cuf, cuf, cuf, kamar kullum take wannan hanyar.

Bai yi nisa ba wuta ta nemi kwal. Ya miƙa hannu don ya ɗauko shebur, hannun bai kai ba. Akwatin kwal, da shebur, da sandar tura ruwa cikin tukunya, duk suna can ƙarshen hagu na bencin. Lokacin da yake kwance su ya lura ba haka zanen ƙirar irin motar ya nuna ba, ya sa abin cikin shirmen Hedley, ya mayar yadda ya tarar. Sai yanzu da yake zaune ya ga sauran. Ƙofar wuta ta hagu take buɗewa. Katakon ɗora ƙafa na gefen hagun kuma an tsawaita shi sosai, an tura shi gaba, daidai wani mai dogayen ƙafafu.

Ya rufe tururi, motar ta tsaya. Ya sauko, ya zagaya ta gaba, ya zauna a hagu. Ƙafafunsa suka miƙe sak, ba ragi ba ƙari. Ya zuba kwal shebur uku, ya tura ruwa, ya ɗan jima a wurin fiye da yadda aikin ke bukata. Sannan ya sauko, ya sake zagayawa, ya koma kan sitiyari ya ja.

Pauline ba ta zo ba. Brenda ta ce ita da farar riga ba za ta hau ba, shi ma bai tambaye ta ba.

Haka yake tuƙa ta har yau, duk Lahadin da ba a ruwa, daga bakin lungu zuwa gindin tudu ya dawo. Ya yi 'yar tafiya, ya tsaya, ya sauko, ya zagaya, ya zuba kwal, ya zagayo. Tafiyar minti goma tana cin masa arba'in, mu kuwa mun samu abin kallo ta taga. Trevor ya gaya masa aikin wuni ɗaya ne a dawo da akwatin kwal da sandar ruwa gefen direba, har ya ce zai zo ya taya shi.

"Na taɓa gyara wa mutumin nan aiki sau ɗaya," in ji Alwyn. "Bar ta yadda ya yi ta."